Daminar Naman Kaza

Bana azumi ya sake faɗowa tsakiyar damina, kuma tun da aka ga wata rana ba ta yi mana fitowar kirki ba. Wanki na rataye a igiya yana tsami, gishiri ya jiƙe a roba, ashana sai an yi ta lallashi kafin ta kama. Jiya jikata ta ciro burodi daga leda ta tarar ya yi fumfuna, kore shar, ta yatsine fuska za ta jefar. Na ce ta miƙo mini. Na kai shi hanci, ita kuwa ta tsaya tana kallona, da alama ta ɗauka tsufa ya fara taɓa ni. Ba ta san ni da wannan koren mun daɗe da sanin juna ba. Rabon da azumi ya same mu cikin irin wannan ruwa an haura shekara talatin, kuma a waccan daminar da shi muka yi ta kokawa a wani ɗan ɗaki a Angwan Rogo.

Shekarar 1978 ce. Mai gidana, Malam, Allah ya jiƙansa, yana aiki a wani kamfanin kuza a Bukuru, a ɗakin da ake gwada kuzar a ga kyanta. Shi ke wanke kwalabe, ya hura wuta, ya auna abin da aka ce ya auna. A lokacin kuza ta riga ta fara mutuwa. Kowane ƙarshen wata sai ka ji an sallami wasu, har abin ya zo kanmu da bazara. Muka bar gidan kamfani muka kama haya a Angwan Rogo, ɗaki biyu da wani ɗan sito mai rufin kwano, ni da shi da yara biyu da mahaifiyarsa, Inna.

Inna 'yar wani ƙauye ce a ƙasar Ɗambatta. Tana amarya aka kawo ta Filato, lokacin da mijinta ya zo aikin lebura a haƙar kuza, kuma a nan ya rasu. Duk da haka ban taɓa jin ta kira Jos gida ba. Gida yana can. Furar can ta fi, ranar can ta fi, har sauron can ya fi na nan mutunci. Nan kuwa garin duwatsu ne, inda mutum zai tsufa ƙashinsa bai taɓa yin ɗumi ba. Da labarin sallamar ya kai ƙauye, Baffa, ƙanen mahaifin Malam, ya aiko cewa gonar gado tana nan, a tattaro a dawo. Inna ta samu abin faɗa safe da yamma.

Ni kuwa ba na son tafiya, ko kaɗan. A Jos aka haife ni, babana tela ne, uwata tana Gangare, in na so ganinta da ƙafa nake zuwa. Babbar 'yata ta fara firamare. Ƙauyen ban san shi ba, shi kansa Malam ta'aziyya kawai ke kai shi. Amma ina ni ina musu da uwar miji? Malam ya rasa yadda zai yi da mu, sai ya yanke magana: a ba shi zuwa ƙaramar Sallah. In Sallah ta wuce bai kama sana'ar da za ta riƙe gida ba, mu hau mota.

Sana'ar da ya ɗauko ita ta ba kowa dariya. Ogansa a ɗakin gwaji wani Ba'indiye ne da suke kira Dakta, mutumin da ko nama ba ya ci. A bayan gidansa yana noma wani abu a kan kara, Malam ke taya shi. Da zai koma ƙasarsu ya bar wa Malam 'yan kwalabe cike da dafaffiyar dawa, wani farin abu kamar auduga ya lulluɓe ta. Wannan shi ne irin. Ya ce masa tunda gwamnati ta hana shigo da kayan gwangwani, kukun otal-otal da na gidajen Turawa neman abin suke ido rufe.

Ranar da Malam ya yi wa Inna bayani ina gefe ina tankaɗe.

"Inna, naman kaza zan noma."

"Kiwo dai. Kaji kiwon su ake, ba noma ba. Kuma da me za ka ciyar da su?"

"Ba kaji ba ne, Inna. Abin nan ne da ke fitowa a jikin ruɓaɓɓen icce in ruwa ya sauka. Mutanen nan suna miya da shi."

Inna ta ajiye carbinta. "Lemar kwaɗi?"

"Wannan iri daban ne. Ana ci."

"Ubanka ya haƙa ƙasa ya ci halalinsa, kai kuma za ka yi wa kwaɗi lema. To, Allah ya kai mu Sallah."

Abin nan suna biyu gare shi a Hausa, kuma daga sunan da mutum ya kira shi za ka san ra'ayinsa. Mai ci ya ce naman kaza, mai ƙyama ya ce lemar kwaɗi. A unguwa sunan farko ne ya fita, mutane suka ɗauka kiwon kaji za mu yi, har wata maƙwabciya ta shigo ta ce a riƙa ajiye mata ƙwai. Da gaskiya ta bayyana, Malam bai ƙara wucewa ta ƙofar masallaci lafiya ba. "Malam, kajin sun fara cara?" Shi dai sai ya yi murmushi ya wuce. Sai da ya je ya tambayi liman ko abin ya halatta. Liman ya ce duk tsiron da ba ya kisa, ba ya sa maye, bai ga haramcinsa ba, amma don Allah kada a fara da shi wajen ɗanɗano.

Karan acca ake so, mu kuwa ba mu da gona. Nan Ngo Kaneng ta shigo. 'Yar Birom ce, Kirista, mun saba tun a Bukuru inda take kawo mana tumatir da dankali, daga baya ta koma cikin danginta a Kabong. Kabong ta wancan lokacin rabinta gonaki ne da shingen ƙyarana, kuma suna da tarin karan accar bara a bayan rumbu. Ita kaɗai ce ba ta yi mana dariya ba. Ta ce, "Mu muna tsinta shi a daji kyauta, kai kana so ka shuka shi a ɗaki? To, mu gani." Ngo ba ta san "ke" ba, kowa "kai" ne a wurinta, har Inna.

Da goyo a bayana nake zuwa Kabong, mu ɗauro dami mu dawo ruwa na dukanmu, ba mai tambayar wani daga wace unguwa yake. Yanzu ga keke mai ƙafa uku ko'ina, tafiyar ba ta kai komai ba, amma tun da rikici ya raba unguwannin Jos ni da Ngo a waya muke gaisawa. In na ce zan je sai yarana su ce in bari gari ya ƙara lafawa. Ita ma haka nata suke ce mata.

Aikin a jere yake. Mu sassare karan gajere-gajere da adda a kan kifaffen turmi, mu cusa a buhu, mu tsoma a duro na ruwan zafi, mu tsame mu baza a tabarma ya huce ya tsane. Sannan Malam ya wanke hannu, wankin da ya fi na alwala tsanani, ya riƙa zuba kara a leda yana barbaɗa iri, ya danna, ya ɗaure baki, ya huhhuda da ƙusa. A jera a sito a rufe ƙofa. Jikana ya nuna mini a waya yadda samari ke yi yanzu, da safar hannu da takunkumi, kai ka ce tiyata za a shiga. Mu sabulun wanki ne da bismillah.

Malam ba mai yawan magana ba ne, amma a kan wannan abu ya zama mai wa'azi. Ya ce karan nan ba mu kaɗai ke son sa ba. Akwai halittu a iska, a hannu, a jikin karan kansa, ido ba ya ganin su, kowanne jira yake ya samu wuri ya kafa. Ruwan zafi rage su kawai yake yi, don namu ya riga su. In farin ya riga ya mamaye, da wuya a ture shi, in kuwa wani ya riga shi, an gama. Ya ce namu gwanin cin busasshen kara ne, abin da sauran ba su iya sosai ba, saboda haka kada wani abu mai daɗi ya kusanci ledojin, ko gari, ko tuwo, ko hannun yaro mai maiƙo. Inna tana ji daga bakin ƙofarta. Ta ce ita dai ba ta taɓa ganin abin da ya yi ƙiba da kara tsura ba.

Zubin farko ruwa ya cinye shi. Karan bai tsane ba, ina ranar da za ta tsanar da shi? Ba a daɗe ba sito ya ɗauki wari irin na ƙullun da aka manta, ledoji suna tsiyayar wani ruwa mai yauƙi. Abin da ya fito wasu 'yan siraran lema ne, da safe su miƙe, kafin azahar sun narke sun koma baƙi kamar tawada. Yarana har sun fara tsalle, sun ga nama. Ngo ta leƙa ta toshe hanci. "Wannan ba na ci ba ne. Ko akuya ba zai ci." Muka kwashe muka kai bola. Abin da ya fi ci mini rai itacen da muka ƙona a kansa.

A zubi na biyu mun yi hankali. Muka rataya buhunan a saman murhu har sai da Malam ya matse kara a tafinsa ya ga da ƙyar ɗigo ke fita. Wannan kam ya fara da kyau. Daga kowace ƙwayar dawa farin zare ya fito yana bin kara, yau nan, gobe can, sito ya ɗauki wani ƙamshi mai sanyi irin na ƙasa bayan ruwan farko. Malam ya fara tsayawa a ƙofar masallaci yana rama zolaya. Da safe ya tafi tasha ya yi dakon buhunan dankali, da yamma kafin ya cire takalmi sai ya leƙa sito.

A kwanakin ne Inna ta ɗauko wata sabuwar ɗabi'a. Da hantsi sai ta yafa mayafi ta shiga maƙwabta tana taya su surfen masara, tsohuwa da ciwon gwiwa. Malam ya yi magana, ta ce zama ne ke sa mata sanyi. Ba ta karɓar komai sai dusa. Akuyarta mun riga mun sayar tun farkon damina, sai na ɗauka sabo ne kawai, hannun da ya saba tara dusa ba ya dainawa.

Sai azumi ya kama. Azumin Jos a damina ba ƙishirwa ke wahalar da mutum ba, yunwa ce da sanyi. Ruwan alwala yana yanka hannu. Gajimare ya sauko ya zauna a kan duwatsu, yayyafi ya wuni yana zuba, wani lokaci ƙanƙara ta zo ta yi ta dukan kwano har ba ka jin maganar na kusa da kai. Tsofaffin ramukan kuza suka cika suka batse, kullum ana jan kunnen yara. Faɗuwar rana ba a ganinta, sai a kasa kunne ga ladan, shi ma ladan agogon wani direba yake bi. Itace jiƙaƙƙe, in ka hura wuta ka tashi da jan ido kamar an yi maka mutuwa. Kananzir sai an bi layi.

Buɗa-bakinmu kunun tsamiya ne da ba ya ganin sukari, sai gwaten acca da yakuwa da gauta, wanda kullum ruwansa ke ƙaruwa. Ƙosai ya koma na ranar Juma'a. Ni da Malam muka koyi cewa mun ƙoshi tun ba mu ƙoshi ba. Amma kwano bai daina yawo tsakanin gidaje ba. Ka aika da gwate, a dawo maka da ɗan dambu, wani lokacin ma kwanonka ne ke zagayowa ya dawo maka da abincin gida na uku. Ngo ta kan zo da dankali a ƙasan kwandonta, ta ce wai ya fara lalacewa ne, alhali lafiyarsa lau. In na kai hannu zan taya ta sauke kaya sai ta ture ni. "Kai kana azumi, bari." Wallahi ina kewar wannan zaman, da yunwarsa da komai.

Cikin makon farko na azumi kore ya bayyana. Ɗigo ne kamar ƙwayar gero a kusa da bakin wata leda, washegari ya kai tafin hannu. Fari ya fara ja da baya. In ka taɓa ledar sai wata koriyar ƙura ta tashi, da warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Malam ya yanke wurin ya zuba gishiri, ya fitar da masu ciwon waje, kore ya ɓullo a na kusa da su. Wata la'asar na same shi zaune a kan turmi, hularsa a gwiwa.

"Lami, na yi komai yadda Dakta ya nuna mini. Ban san ta inda yake shigowa ba."

Na ce Allah zai kawo mafita, amma ni ma bakina ne kawai ke faɗa. Kwalba biyu suka rage na iri. A ranar na fara duban kayan ɗakina ina raba na ɗauka da na bari.

Bayan kwana biyu, da hantsi, Malam ya tafi tasha, ni kuma na nufi famfo. Na tarar ba ruwa, na juyo. Ina shiga gida na ga ƙofar sito a buɗe. Inna ce a tsugune, ƙwarya a gefenta, ta kwance bakin wata leda tana tura dusa ciki da yatsa, a hankali, tana 'yan maganganu ƙasa-ƙasa irin waɗanda take yi wa akuyarta.

Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba. A ganina na gane komai: tana son gida, ta ji abin da ke kashe naman kazan, shi ne take ba shi. Tunda aka kawo ni gidan ban taɓa ɗaga mata murya ba, ranar ma ban ɗaga ba.

"Inna, in tafiyar ce, ai Sallar ta kusa. Ba sai an kashe masa abinsa ba."

Ta juyo ta dube ni sama da ƙasa. "Kashewa? Ke Lami, tun yaushe abin nan yake cin kara tsura? An ce nama ne. Wane nama ne ke yin auki ba dusa? Shi ɗana yaro ne, Ba'indiyen nan kuma ina ya san kiwo, mutumin da ko tsire bai taɓa ci ba?"

"Inna, dusar ce ke kawo koren. Ita yake samu ya fi ƙarfin namu. Ai kin ji Malam yana faɗa."

"Na ji ya ce gari da tuwo. Bai ce dusa ba."

Na ɗauko ledar na juya mata ita wajen haske. Koren ya fi kauri daidai inda yatsanta ke kaiwa, daga nan ya bazu. Ta ɗauko ta biyu da kanta ta duba, ta ɗauko ta uku. Sannan ta dubi yatsanta.

"Ni na yi wannan?"

Na ajiye ledar da ke hannuna.

"Ni da nake so ya yi ƙiba ya fito kafin Sallah."

"Amma Inna, ke ce kullum kike zancen gida."

"To mutum ba zai yi zancen garinsu ba?" Ta goge yatsanta a bakin zane. "Wa na sani a can? Waɗanda muka yi wasa tare duk sun kwanta dama. Baffan naku ko wando bai fara sawa ba aka ɗauko ni. In na je, a tsakar gida za a ajiye ni, yara su riƙa tambayar wace ce wannan tsohuwar. Nan kuwa ko kasuwa na shiga akwai mai gaishe ni da sunan mijina. Amma in ce wa ɗana ya zauna yunwa ta cinye masa 'ya'ya don tsohuwa ba ta son tashi? Gona tana can. Dole bakina ya ce a tafi."

Tausayinta ya kama ni har na rasa inda zan sa idona. Na tuna gwiwar nan da take ja zuwa surfe, da azumi a bakinta. Na durƙusa na ce ta yafe mini maganar da na yi. Ta ce in tashi, ƙasa da sanyi.

"Kada ki gaya masa."

"Wanne, Inna? Dusar ko ɗayan?"

"Duka."

Da yamma na kai wa maƙwabciyarmu mai neman ƙwai sauran dusar, ita da take da kaji na gaske.

Saura zubi ɗaya, kuma in ba a yi shi a makon ba Sallah za ta riga shi. Sai ga wata matsalar: itace. Wanda ya rage ko na girki bai isa ba, balle a tafasa duro. Malam ya ce zuba iri a ɗanyen kara daidai yake da zubar da shi a kwata. Can sai ya tuna akwai lokacin da Dakta ya jiƙa kara a ruwan farar ƙasa bai dafa ba, wai kaifin ruwan yana karya fumfuna, namu kuma yana jurewa. Farar ƙasa sai an saya. Na ce to toka fa? Ina da ruwan toka a tukunya wanda nake tacewa don miya. Na ɗebo masa, ya murza a yatsa ya ji santsinsa, ya kai baki zai ɗanɗana ya tuna yana azumi. Ya ce, "Santsin dai iri ɗaya ne. Ba mu da wani zaɓin."

Toka ita ce abin da ba a rasa ba a Angwan Rogo a wannan shekarar. Gida-gida na bi da kwano, kowa ta kwashe mini murhunta tana tsokana, wai kajin namu yanzu toka suke ci. Ngo ta kawo ƙarshen karan da ke bayan rumbunsu. Muka jiƙa shi a duro ya kwana, muka tsame, muka naɗe a tsohon zane, ni a wannan baki ita a wancan, muna murɗawa kamar masu matse bargo. Tokar ta cinye mana fatar hannu, sai da na yi kwanaki ina shafa man kaɗe. Malam ya juye kwalba biyun nan, ya bar ɗan kaɗan a gindin ɗaya, ya ɗaure ledoji, ya yi addu'a a kansu doguwa.

Daga ranar Inna ta ɗauke tabarmarta ta dawo da ita ƙofar sito. Ta ce wajen ya fi ɗumi, alhali nan ne iska ta fi kaɗawa. Yaro bai isa ya matso ba, kazar maƙwabta ma sai ta sha jifa. Malam ya ce mini a ɓoye, "Kin ga Inna? Jira take ya mutu a gabanta." Na ce ƙila.

Goman tsakiya ta wuce, fari yana tafiya. Sannan wata safiya ga ɗigon kore a jikin leda ɗaya. Malam ya ɗauko gawayi ya zagaye shi a jikin ledar. Washegari muka duba, bai ƙetare zanen ba. Jibi ma haka. Farin ya zo ya kewaye shi ta ko'ina, ya yi kauri a gefensa, koren ya tsaya nan kamar kwabo ya bushe. Kafin goman ƙarshe ta yi nisa ledojin sun zama fari fat, in ka danna ka ji su da tauri. Malam ya tsattsaga su da reza, ya sa ni yayyafa ruwa a ƙasa da bango safe da yamma. Wannan kam damina ta taya mu.

Suka fara fitowa kamar kawunan ashana, a cunkushe, masu ruwan toka. Abin mamaki shi ne saurinsu. Ka gan su da safe, ka dawo da la'asar sun canza. Cikin 'yan kwanaki suka buɗe, wani a kan wani, masu laushi da sanyi, ƙasansu da layi-layi. Ana jibi Sallah muka yi tsinkar farko. Ngo ta zo ta soya mana da albasa da ɗan man gyaɗa, ita ta ɗanɗana gishirin tunda mu bakinmu a rufe yake, ta kuma zauna har aka kira magariba don ta ga fuskokinmu. Ba kaza ba ce, kada in yi ƙarya. Amma haƙori ya samu abin tauna, miya ta yi zaƙin da ta daɗe ba ta yi ba, yara suka side kwano. Inna ba ta ci ba, ranar ko bayanta. Ta ce ita da lemar kwaɗi sai kallo.

Ranar jajibere Malam ya shimfiɗa ganyen ayaba a kwando, ya jera su, ya ari keke ya nufi unguwar Turawa. Wunin nan ban iya komai ba, kitson 'yata sau biyu ina warwarewa. Bayan la'asar ya dawo a jiƙe sharkaf. Kwandon babu naman kaza ko ɗaya, sai shinkafa da sukari, da zakara ɗaure a bayan keke yana ta ihu. Kukun wani otal ya juye duka, ya ce duk abin da ya samu ya kawo kowane mako, ya kuma haɗa shi da wani kukun. Tayar da sabon iri daga ɗan abin da ya rage Malam ya iya, dawa da itace ne suka gagare shi, yanzu kuwa ga su. Sabuwar acca ma ta kusa yanka. 'Yan ƙofar masallaci suka ga zakara suka ce ashe dai da gaske kaji ne.

Washegarin Sallah da hantsi rana ta fito, irin fitowar da ta daɗe ba ta yi ba, kowane gida ya baza kaya a waje. Inna tana zaune a tabarma ta miƙe ƙafa. Malam ya zo ya durƙusa a gabanta. Ina bakin murhu, ina jin su.

"Inna, na yi miki alkawarin mota bayan Sallah. Ga shi abin nan ya kama. Ina roƙon ki yafe mini, ki ƙara haƙuri da garin nan."

Ta bar shi a durƙushe tana jan carbi. Ba ta dubi inda nake ba, ni ma ban ɗaga kai daga tukunya ba.

"Wato lemar kwaɗi ta fi uwarka."

"A'a, Inna."

"To na ji. Ka aika wa Baffanka ya ba da gonar aro. Ni kuma abu ɗaya zan roƙe ka, tunda kun fi ƙarfina. In ta Allah ta kasance, ba sai an yi ta neman wuri ba. Na sa an duba mini tun bara, akwai fili kusa da ubanka a Bukuru."

Malam ya ɗago kai ya dube ta. "Tun bara, Inna?"

"Tashi ka ba ni wuri, kana tare mini rana."

Damina huɗu ta ƙara yi da mu tana zagin sanyin Jos, sannan aka kai ta Bukuru.